Fayil ya buɗu, amma littafin bai dawo ba

Wani dattijo ya zo mini da faifan CD a cikin ambulan, da kwafin littafi guda ɗaya wanda bangonsa ya fara rabuwa da jikinsa. Littafin na yayansa ne, Allah ya ji ƙansa, tarihin garinsu da malaman da suka zauna a cikinsa. An buga shi a ƙarshen shekarun 1990, ya ƙare a kasuwa tun tuni, iyalin kuma suna so a sake bugawa. Ya ce, "Ɗana, aikin ai an riga an yi shi, yana cikin faifan nan. Kai dai ka buɗe ka tura wa masu inji." Na ce, "To Baba, bari mu gani."

Faifan ya karantu, wannan ma sa'a ce. Fayil shida ne a ciki, sunan kowanne ya ƙare da .p65, alamar tsohuwar manhajar shirya littafi PageMaker 6.5 ke nan. Babu hoto ko ɗaya a gefe, babu font, wato fayil ɗin zanen haruffan da aka yi rubutun da su. Na danna na farko a InDesign, manhajar shirya littafi da nake aiki da ita kullum, ya ce bai san wannan fayil ba. Aikin da dattijon ya ɗauka na wuni guda ne sai da ya ci mu mako uku.

Kuskuren da ya yi shi ne wanda kusan kowa ke yi, kuma ba laifinsa ba ne. Mutum yana ganin fayil ɗin shirya littafi kamar littafin ne aka naɗe aka ajiye. A gaskiya ya fi kama da takardar da tela ke rubuta awon mutum: kafaɗa kaza, hannu kaza, a yi amfani da yadin da ke kan kanta. Takardar tana nan, amma idan yadin ya ɓata, telan ya rasu, ba ka da riga. Fayil ɗin PageMaker haka yake magana: rubutun nan ya fara daga nan ya gangara zuwa shafi na gaba, a rubuta shi da font mai suna kaza, a ɗauko hoton da ke cikin jaka kaza a kwamfuta kaza a sa shi a wannan kusurwa. Font ɗin yana waje, hoton sau da yawa yana waje, manhajar da ta san yadda ake karanta umarnin ita ma tana waje. Duk wahalar buɗe tsohon aiki daga nan ta samo asali.

PageMaker ya fito a 1985, daga kamfanin Aldus da Paul Brainerd ya kafa a Seattle ta Amurka. Haɗuwarsa da kwamfutar Macintosh da firintar LaserWriter ita ce ta sa mutum ɗaya a kan tebur ɗaya ya iya yin aikin da a da sai maɗaba'a. QuarkXPress ya biyo baya a 1987 ya mamaye jaridu da mujallu. Adobe ta haɗiye Aldus a 1994, ta fitar da InDesign a 1999, ta yi wa PageMaker fitowar ƙarshe mai lamba 7 a 2001, sannan a 2004 ta ce ta daina raya shi. Ba ta yanke igiyar nan take ba. InDesign ya ci gaba da buɗe fayilolin PageMaker 6 zuwa 7 har zuwa fitowarsa mai suna CS6 ta 2012. Da aka koma tsarin biyan kuɗin wata-wata a 2013, sabon InDesign ya fito babu wannan ƙofar. Kamfani ɗaya ne ya mallaki manhajojin biyu, amma yau ƙanin ba ya gane rubutun wansa.

Ni ina ganin wannan mataki bai dace ba. Kamfanin da ya sayar wa duniya manhaja shekara da shekaru, ya kuma ɓoye yadda ƙirar fayil ɗinta take, akwai nauyi a kansa ko dai ya bar ƙofar a buɗe, ko ya bayyana ƙirar don wasu su gina tasu.

Tun da babu wannan, da ruwan ciki ake jan na rijiya: sai da tsohuwar manhaja ake fito da tsohon aiki. Hanyar da ta fi aminci ga fayil irin na dattijon nan hawa-hawa ce. Idan ya girmi PageMaker 6, wato sunansa ya ƙare da .pm4 ko .pm5, sai an fara buɗe shi a PageMaker na baya-baya an adana shi da sabuwar ƙira. Daga nan InDesign CS6 ya karɓa. Daga CS6 a fitar da shi a matsayin IDML, ƙirar da Adobe ta kawo a 2008, wadda cikinta rubutu ne da ake iya karantawa, shi ya sa InDesign na yau da Affinity Publisher da Scribus duk suke buɗe ta. QuarkXPress ma da tasa iyakar: InDesign yana buɗe na 3.3 zuwa 4.1, abin da ya wuce nan sai an sauko da shi ƙasa a cikin Quark ɗin kansa, ko a sayi manhajar juyawa irin ta kamfanin Markzware.

Kowane hawa yana neman kwamfutar da za ta ɗauke shi. PageMaker na Mac bai taɓa shiga tsarin OS X da ƙafarsa ba, a Mac OS 9 ya tsaya. InDesign CS6 kuma ba ya tashi a Mac tun daga macOS Catalina na 2019, wanda ya daina karɓar manhajoji masu bit 32. A Windows abin ya fi sauƙi. Ana iya kafa Windows XP a cikin VirtualBox, kwamfuta a cikin kwamfuta, a rufe mata hanyar intanet, a sa PageMaker a ciki. Mu ba mu kai ga haka ba, domin wani abokin sana'a yana da tsohuwar kwamfuta a ƙarƙashin teburinsa, ƙura ta rufe ta, wadda ya ƙi sayarwa. Duk mai irin wannan a shagonsa, da PageMaker da font ɗin zamanin a cikinta, ya riƙe ta da kyau.

Akwai hanya ta biyu ga wanda ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. A 2014 gidauniyar da ke kula da LibreOffice, manhajar ofis ta kyauta, ta kafa wani shiri mai suna Document Liberation Project, inda masu sa-kai suke zama su warware ƙirar fayilolin da kamfanoni suka ɓoye, suna gwadawa suna kwatantawa har su gane wane ɓangare ne rubutu, wane ne awon shafi. Albarkacin aikinsu LibreOffice Draw yana buɗe fayilolin PageMaker da Publisher na Microsoft da CorelDRAW da tsohon QuarkXPress, Scribus ma haka, kuma duka kyauta ne. Na gwada a kan fayil ɗin dattijon. Ya buɗu, rubutun ya fito. Sai dai babin da a PageMaker yake kwarara daga shafi zuwa shafi ya fito akwati-akwati, kowane shafi da nasa, ba ruwan wani da wani. Don ceto kalmomi hanya ce mai kyau ƙwarai. Don sake buga littafi kamar yadda yake, ba ta isa ba.

A nan ne na ga abin da ya fi komai damuna. Layin farko da idona ya sauka a kai ya ce: "A }asar Hausa ba a ta~a samun ]alibi kamarsa ba."

Duk wanda ya daɗe yana karanta Hausa a intanet ya ci karo da irin wannan, ko ɗan'uwansa mai "qasa" da "xaya" da "varawo". Ba lalacewa fayil ɗin ya yi ba, dama can haka aka buga shi. Font na wancan zamani gurbi 256 kawai yake da shi, kuma babu ƙ ko ɗ ko ɓ a ciki. Unicode, tsarin da ya ba kowane harafi na duniya lambarsa ta kansa, ya san haruffanmu masu lanƙwasa tun farkon shekarun 1990, amma PageMaker har ya mutu bai iya Unicode ba, CorelDRAW sai a na 12 a 2004, QuarkXPress sai a na 7 a 2006. Dole masu rubutun Hausa suka nemi dabara: a ɗauki font, a share zanen wani harafi ko wata alama da Hausa ba ta cika buƙata ba, a zana harafi mai lanƙwasa a gurbinsa. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero yana cikin waɗanda suka yi wannan hidima, font ɗinsa Rabi'at da Abdalla sun yi wa rubutun Hausa aiki mai yawa. Dabara ce mai kyau a lokacinta, littattafai da kundayen digiri masu yawa da ita suka fito da haruffansu daidai. Amma kwamfutar ba ta taɓa sanin an rubuta ƙ ba. A wurinta q ce, ko baka mai lanƙwasa, font ne kawai ya sa mata riga. Ran da font ya ɓace, rigar ta faɗi.

Gyaran a baki mai sauƙi ne: a nemo kowace } a mayar da ita ƙ, { ta koma Ƙ, ] ta koma ɗ, [ ta koma Ɗ, ~ ta koma ɓ. A aikace akwai rami. Littafin da aka yi da tsarin q da x da v, idan aka ce wa manhaja ta canza duka a lokaci guda, za ta bi har kalmomin Turanci da ke cikin manazarta. Daga nan ne ake samun "Uniɓersity" da "Oɗford" a wasu mujallun ilimi, alama ce ta an yi juyin da gaggawa. Wanda ya buga aikin tun farko yakan canza font idan ya zo kan kalmar Turanci, don haka maganin yana cikin fayil ɗin: InDesign da Word duka suna ba da damar a ce a canza harafin nan a inda font ɗin Hausa yake kaɗai. Ke nan dole a yi wannan juyi kafin a taɓa font. Wanda ya fara da zaɓar littafin gaba ɗaya ya mayar da shi font ɗaya don ya ga ya yi kyau, ya goge shaidar da za ta raba masa v ɗin gaskiya da ɓ, sai dai ya bi kalma-kalma da ido. A kuma kula da babba da ƙarami, kada Ƙ ta farkon jimla ta koma ƙarama.

Idan aikin a Mac aka yi shi, akwai wani ƙarin. Mac da Windows ba su ajiye alamar hamza a gurbi ɗaya ba, shi ya sa rubutun Mac idan ya shigo Windows ba ta hanyar da ta dace ba za ka ga "maÕana" da "ÕyaÕya", alamun zance kuma su koma Ò da Ó. A Turanci wannan kalma ɗaya ce nan da can. A Hausa kusan kowane layi ne. Littattafan addini da aka saka ayoyi da hadisai ta hanyar ƙananan manhajojin da ke jera haruffan Larabci a font na musamman, nasu ya fi wannan muni: ayar takan fito tarkacen alamomi. A irin wannan ban yarda da juyi ba sam, gara a sake ɗauko nassin daga tushe mai inganci, malami ya duba.

Ko an gama da haruffa, shafi ba zai zauna inda yake ba. Yawancin font ɗin ƙwararru na wancan lokaci nau'in Type 1 ne, Adobe kuma ta daina karɓarsu a manhajojinta daga Janairun 2023. Na Mac ma sau da yawa ba sa tsira daga kwafa, domin ainihin font ɗin yana zaune a wani sashe na fayil da Windows ba ya gani, sai ka tarar da suna babu komai a ciki. Sabon font da aka sa a madadinsa, ko da sunansu ɗaya, faɗin harafinsa yakan bambanta da ɗan abin da ido ba ya kamawa, amma a shafi ɗari biyu ya taru ya zama shafuka. Sannan PageMaker layi-layi yake yanka rubutu, InDesign kuwa yana auna sakin layi gaba ɗaya kafin ya yanke shawarar inda kowane layi zai tsaya. Ana iya mayar da shi ga yankan layi-layi don ya kusanci na da, amma kusanta ce kawai.

Ga wani abu da sai mai aikin Hausa ya san shi. PageMaker ba shi da ƙamusun raba kalmar Hausa a ƙarshen layi, don haka masu bugawa da hannu suke sa karan ɗori, wasu ma su danna maɓallin sabon layi a ƙarshen kowane layi don ya tsaya yadda suke so. Da rubutu ya motsa, sai ka ga "makaran-ta" da "alma-jirai" zaune a tsakiyar layi. A littafin dattijon nan mun ciro irinsu da yawa, kuma ba a iya share su baki ɗaya, domin "sannu-sannu" da "iri-iri" da nasu karan suke tafiya.

Hotuna kuwa, abin da babu babu ne. PageMaker yakan tambayi mai aiki ko ya saka cikakken hoto a cikin fayil idan hoton ya yi nauyi, kuma a zamanin filofi kusan kowa "a'a" yake cewa. Abin da ya rage a ciki ɗan kwafi ne mai rauni na dubawa a allo. A allo za ka ga hoton malamin da rawaninsa ka ce alhamdu lillahi, a takarda ya fito dishi-dishi. Babu manhajar da za ta dawo da abin da ba a saka ba. Mu sai da iyalin suka koma cikin akwatunan marigayin, suka samo hotuna biyar daga cikin takwas, sauran ukun muka ɗauko daga kwafin littafin. Masu aikin launi su ƙara da duba kalolin Pantone, ma'aunin launi na maɗaba'u, waɗanda aka cire mafi yawansu daga manhajojin Adobe a ƙarshen 2022.

CorelDRAW, wanda shi ne abincin yawancin maɗaba'unmu, matsalarsa ta juya. Sabo yakan buɗe tsoho ba gardama, tsohon ne ba ya buɗe sabo, shi ya sa kullum ake ji "sauke mana shi zuwa X3", wato wata tsohuwar fitowarsa. Haɗarinsa yana cikin al'adar mayar da rubutu zane kafin a kai wa mai inji, don gudun rikicin font. Fayil ɗin da aka yi wa haka zai buɗu da kyau bayan shekara ashirin, amma babu kalma ko ɗaya a cikinsa da za a iya gyarawa ko kwafa, siffofi ne kawai. Idan shi kaɗai aka ajiye, rubutun ya tafi.

Saboda duk wannan, tambayar da nake fara yi wa wanda ya kawo tsohon fayil ita ce me yake nema: kamannin shafin, ko kalmomin? Aiki biyu ne daban, kuma hanya ɗaya ba ta ba da duka biyun. Mai son kamanni, ya buɗe fayil ɗin a manhajar da ta haife shi, da font ɗinsa na asali, ya fitar da PDF. Wannan shi ne hoton littafin na gaskiya, ana iya bugawa daga shi ba tare da an taɓa komai ba. Sai dai PDF ɗin a ƙarƙashin rigarsa har yanzu "}asa" ce, wanda ya nemi kalmar "ƙasa" a ciki ba zai same ta ba. Mai son kalmomi kuma, ya ciro rubutun, ya mayar da shi Unicode, ya ajiye shi a fayil ɗin rubutu na kowa da kowa. A ganina wannan na biyun ya fi daraja nesa ba kusa ba. Shirya shafi aikin kwanaki ne ga wanda ya iya, da manhajar yau ma zai fi na da kyau. Kalmomin marubucin da ya riga mu gidan gaskiya kuwa ba mai sake rubuta su. Sau da yawa ma na ga gina littafin sabo daga tsabtataccen rubutu ya fi saurin bin ɓarakar fayil ɗin da aka juyo.

Wasu kan ce me ya sa ba za a ɗauki hoton shafukan kawai a bar manhajar karanta rubutu ta yi aikin ba. Idan fayil ya ɓata gaba ɗaya, ita ce mafita. Amma lanƙwasar ƙ da ɗ da ɓ 'yar ƙarama ce, a tsohuwar takarda mai tawada da ta baje manhajar takan ɗauke ta ƙura. Baƙi ya koma baki, ƙafa ta koma kafa, ɓata ta koma bata, kuma duka kalmomi ne na Hausa, babu jan layin da zai nuna kuskure. "}asa" da muninta ta fi wannan aminci, domin ba ta ɓoye inda ƙ take.

Shafukan intanet masu cewa a loda fayil su juya shi nan take, wasunsu suna aiki. Sai dai mutum ya tuna rubutun wani ne da bai ba da izini ba yake miƙa wa wanda bai sani ba, kuma babu ɗayansu da ya san q ɗinmu ƙ ce.

Wannan magana ba ta tsaya kan PageMaker ba. Microsoft ta sanar cewa Oktoban 2026 ne ƙarshen Publisher, ta kuma shawarci mutane su mayar da fayilolinsu PDF. Makarantu da ƙungiyoyi da ofisoshi da yawa a cikin .pub suka tara mujallunsu na shekara-shekara da takardun shaida da jadawalinsu. Wanda ke da Publisher mai aiki a kwamfutarsa, yanzu ne fitar da PDF da kwafe rubutu yake aikin minti kaɗan a kan kowane fayil. Bayan an rufe ƙofar zai koma irin namu na mako uku.

Duk abin da za a yi, kada a taɓa fayil na asali. A kwafe shi daga faifan tun ranar farko, domin CD ɗin da aka ƙona a shago ba ya dawwama, a yi aiki a kan kwafin, a ajiye na asalin tare da font ɗinsa da hotunansa a jaka ɗaya, da 'yar takarda mai cewa da wace manhaja aka yi shi. Idan fayil ya zo babu wutsiyar suna, kamar yadda na tsohon Mac kan zo, manhajar DROID ta ma'ajiyar tarihi ta ƙasar Birtaniya tana leƙa cikinsa ta faɗi ko na mene ne.

Ranar da muka gama, dattijon ya zo da tsohon kwafin nan mai ɓallen bango, wanda shi ne ya zama alƙalinmu a duk inda muka yi shakka. Muka zauna ni ina karanta sabon a allo, shi yana bin tsohon da yatsa. A babi na huɗu ya tsayar da ni, ya ce, "Dakata ɗana, a nan akwai baiti biyu na waƙar da Malam ya kawo, ban ji ka karanta ba." Na duba, babu su. Na koma tsohuwar kwamfutar na buɗe fayil ɗin a PageMaker, sai ga su a wani ɗan akwati daban da mai bugawa ya ɗora a kan shafin, wanda bai biyo sauran rubutun ba da muka ciro shi. Na ce, "Gaskiyarka Baba, ga su nan." Muka mayar da su, muka koma babi na ɗaya muka sake bin kowane shafi muna neman irin wannan akwati. Mun sami guda uku.